Jirgin Da Ya Tashi Ana Gobe Za A Yanka Ƙasarsa

Tun ranar da jirage marasa matuƙa suka faɗo garin Gadarif cikin watan Afrilun 2024, wata magana ta zama kamar wuridi a bakin mutanenmu. In ka zauna wajen mai shayi a nan Gedambaliya bayan la'asar, kafin ka shanye kofinka sai wani ya ja numfashi ya ce, “Ai da muna ƙera namu jirgin yaƙin da hannunmu, da babu wanda ya isa ya yi mana wannan cin kashi.” Sai kowa ya gyaɗa kai, a ce wallahi haka ne. Wanda ya fi kowa riƙe wannan magana yayana ne, ɗan wan mahaifina, malamin sakandare mai karatu da faɗin gaskiya. Shi ne ma ya ƙara da cewa idan Allah Ya kawo ƙarshen wannan yaƙi, duk abin da ya rage a baitulmali a zuba shi a masana'antar jirgin yaƙi, kuma duk yaron da ya iya lissafi a tura shi can. Na ji irin wannan magana daga bakin 'yan uwanmu na Kano da Maradi ma, don haka ba ciwonmu ne mu kaɗai ba.

Yaya, ka yi mini afuwa, ban yarda da kai ba, kuma tunda a gaban jama'a ka faɗa, a gaban jama'a zan ba ka amsa.

Bari in fara da inda kake da gaskiya. Mu da muke zaune a wannan ƙasa muna magana da Hausa, babu wanda zai koya mana zafin rashin makami. A Burmi, cikin 1903, Sarkin Musulmi Attahiru da jama'arsa sun fuskanci bindigar Maxim da takobi da mashi da kwari da baka, aka yi musu abin da aka yi. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar mutane gabas har suka kafa garin Mai Wurno a gaɓar Kogin Nilu. Da yawa daga cikinmu jikokin wannan tafiya ne, ko jikokin alhazan da suka biyo sawunta. Saboda haka in mutum ya ce wanda ba shi da makami abincin mai makami ne, ba zan ce ya yi ƙarya ba. Gardamata a kan abu biyu take: zaton cewa makami shi ke riƙe ƙasa, da zaton cewa ana fara ginin masana'anta daga jirgin yaƙi. Kuma shaidar da zan kawo wani jirgi ne guda ɗaya na ƙasar Cekoslobakiya, wanda da wuya a samu mutum goma a Gadarif da suka taɓa jin sunansa.

Sunan jirgin Avia B-35. Cekoslobakiya a wancan zamani ƙaramar ƙasa ce a tsakiyar Turai da ta samu kanta a 1918, amma a shekarun 1930 tana cikin manyan masu ƙera makamai na duniya. Tana da kamfanin Škoda mai ƙera igwa da tankar yaƙi. Tana da masana'antar bindiga a birnin Brno, wadda daga ƙirarta ne Ingila ta samu bindigar nan da ake kira Bren. Sunan ma haɗin Brno ne da Enfield. Tana da kamfanonin jirgin sama har da dama, irin su Aero da Avia da Letov. Jirgin yaƙin da sojanta ke taƙama da shi a lokacin, Avia B-534, mai fiffike biyu ne, ɗaya bisa ɗaya, kuma zamaninsa ya fara wucewa, domin Jamus ta riga ta fito da Messerschmitt 109 mai fiffike ɗaya. Sai aka ɗora wa injiniyoyin Avia, ƙarƙashin wani gwani mai suna František Novotný, aikin fito da wanda zai maye gurbinsa. Suka ƙera B-35: fiffike ɗaya na katako, gangar jiki ta bututun ƙarfe, inji mai ƙarfin doki 860, gudu kusan kilomita 500 a awa. Ba hoto ba ne a bango, jirgi ne da ya tashi da mutum a ciki.

To, ga inda nake so ka saurara, Yaya. Samfurin farko na wannan jirgi ya tashi ranar 28 ga Satumba, 1938. Washegari, 29 ga wata, mutum huɗu suka zauna a birnin Munik: Hitila na Jamus, Musolini na Italiya, Chamberlain na Ingila da Daladier na Faransa. Kafin gari ya waye ranar 30 sun sa hannu a takardar da ta yanke yankin Sudeten daga Cekoslobakiya ta miƙa wa Jamus. Ba a ba wakilan ƙasar kujera a ɗakin ba. A waje suka jira aka faɗa musu hukunci. Kwana shida kafin wannan zama ƙasar ta yi gangamin soja, mutum sama da miliyan ɗaya suka ɗauki bindiga, kuma a yankin da aka yanke ɗin ne ganuwar kankare da suka kashe dukiya suka gina take. Faransa, wadda ke da yarjejeniyar kare su a rubuce, ita ma ta janye jiki. Shugabansu Edvard Beneš ya duba ya ga shi kaɗai ne a fage, ya karɓi hukuncin, ba a harba ko harsashi ɗaya ba.

Jirgin kuwa, samfurin farko ya faɗi a watan Nuwamba na shekarar, matuƙinsa ya mutu. Aka ƙera na biyu, ya tashi a ƙarshen Disamba. Ranar 15 ga Maris, 1939 sojan Jamus suka shiga Parag, babban birnin ƙasar, suka haɗiye abin da ya saura. Samfuri na uku, wanda ya fi sauran inganci domin ƙafafunsa na naɗewa cikin fiffike, a ƙarƙashin mulkin Jamus ya tashi. Daga shi aka fitar da B-135, aka ƙera guda 12 kacal, aka sayar wa Bulgeriya, ƙawar Hitila. Ka ga jirgin da aka yi gumi aka ƙera don tsare sararin samaniyar ƙasa, bai tsare ta ko na yini ɗaya ba.

Kuma ba shi kaɗai ba ne. A jawabin da Hitila ya yi wa majalisarsa ranar 28 ga Afrilu, 1939, ya tsaya yana lissafa ganimar da ya kwasa a Cekoslobakiya kamar ɗan kasuwa yana ƙidayar riba: jirgin sama 1,582, tankar yaƙi 469, bindiga sama da miliyan ɗaya. Bayan shekara guda, a 1940, tankokin nan ƙirar Cek suna cikin waɗanda Rommel ya keta Faransa da su. Wato Faransa ta sayar da abokinta don ta zauna lafiya, sai aka zo aka sare ta da gatarin abokin. Su kuma masu gatarin, da suka kwashe shekara ashirin suna wasa shi, a hannun maƙiyinsu ya yi aiki.

Na san za ka ce wannan labarin Turawa ne, namu daban. To mu dawo gida. Gwamnatin Sudan ta kafa hukumar ƙera kayan soja tun 1993. Ta gina masana'antar Yarmuk a kudancin Hartum. An kafa cibiyar jiragen sama ta Safat, kuma a 2009 aka yi biki aka nuna wa duniya jirgin da aka ce shi ne na farko ƙirar Sudan. Duk abin da kake roƙo a yi, Yaya, an fara yin sa, da kuɗin man fetur, a lokacin da asibitocin karkara ba su da maganin zazzaɓi. Me ya biyo baya? A watan Oktoban 2012 aka yi wa Yarmuk ruwan wuta cikin dare, gwamnati ta ɗora laifin a kan Isra'ila, kuma babu jirginmu ko ɗaya da ya tashi ya tare maharan. Da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu, 2023, ba daga waje maƙiyi ya zo ba. Runduna biyu ne da baitulmali ɗaya ya ciyar, ya tufatar, ya ba su makami, suka juya wa juna baki. Cikin watan Yunin wannan shekara Yarmuk ɗin ta faɗa hannun dakarun RSF. Mutanen Madani da suka cika makarantun Gadarif tun Disambar 2023, da na Sinja da suka biyo su a tsakiyar 2024, je ka tambaye su ko ƙarancin makami ne a ƙasar ya raba su da gidajensu. Yawansa ne, a hannun waɗanda babu dokar da ta fi ƙarfinsu.

Ko a nan ƙofar gidanmu tarihi ya taɓa yin wannan darasi. Ranar 16 ga Oktoba, 1940, lokacin da Italiya ke riƙe da Kasala da Gallabat, jiragenta suka shammaci filin jirgin Gadarif da sassafe, suka ƙone jiragen Ingila guda goma a ƙasa, takwas ƙirar Wellesley, biyu ƙirar Vincent. Ingila ce fa, wadda ke ƙera jirginta tun daga ƙusa har farfela. Jirage goma suka zama toka saboda babu wanda ya ba da labarin zuwan mahara a kan lokaci. Jirgi shi ne abu na ƙarshe a doguwar igiya. In akwai ruɓewa a ko'ina cikin igiyar, daga shugaban da ke yanke shawara har mai gadin da ke kallon sama, ƙarfe ne kawai a ajiye yana jiran wanda zai ƙona shi ko ya gaje shi.

Wannan ke nan game da zato na farko. Na biyun ya fi ba ni haushi, domin shi ne wanda ake yaudarar mu da shi kullum: bikin samfuri. A ƙera abu guda ɗaya, a shafa masa fenti mai launin tuta, a gayyato shugaban ƙasa ya yanke kyalle, a buga a jarida cewa mun shiga sahun manya. Jiragen Safat da aka yi ta yayatawa, masu bin diddigin harkar sun san Safat 03 daga Utva 75 na Sabiya aka ɗauko shi, Safat 02 kuma daga wani ƙaramin jirgi mai saukar ungulu na Yukiren. A Kaduna, a shekarun 1990, an harhaɗa jiragen koyon tuƙi wajen 60 da aka sa wa suna Air Beetle, asalinsu ƙirar wani kamfani ne na Amurka; da suka tsufa ba a ga ɗansu ba balle jikansu, sai Najeriya ta koma sayen Super Mushshak daga Pakistan. A Disambar 2013 Shugaba Jonathan ya ƙaddamar da jirgi maras matuƙi mai suna Gulma, a Fabrairun 2018 Shugaba Buhari ya ƙaddamar da Tsaigumi. Sunaye masu daɗi, kuma ban raina yaran da suka yi aikin ba, Allah Ya ƙara musu basira. Amma tambayar da 'yan jarida ba sa komawa su yi ita ce: bayan an watse daga bikin, guda nawa aka ƙera, kuma wace masana'anta ce a ƙasar ta narka ƙarfen injinsa?

Bambancin B-35 da namu samfuran yana nan. Shi ya fito ne daga ƙasar da ta kwashe kusan shekara ɗari tana narka ƙarfe, tana ƙera injin jirgin ƙasa da injin sukari da mota da takalmi, tana da makarantun koyon sana'a a kowane gari. Jirgin kan tsauni ne, akwai tsaunin a ƙarƙashinsa. Mu kuwa muna so mu ɗora jinka alhali ba mu kafa ginshiƙi ba. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare kan samu wurin shiga, amma mu ko bangon ba mu yi ba muna gardamar launin fentin rufi.

Kuma ka duba abin da ya tsira daga wannan masifa ta Cekoslobakiya. Jiragen sun tafi, tankokin sun tafi, ƙasar ta fita hannun Hitila ta faɗa hannun Stalin. Abin da babu wanda ya iya kwashewa shi ne hannuwan mutanen. Shekara ɗaya da ƙare yaƙi, a 1946, masana'antar bindigar nan ta Brno ta fito da tarakta mai suna Zetor, wadda ta yi noma a ƙasashe da dama na duniya. A 1959 kamfanin Aero ya tashi jirgin koyon tuƙi L-29, aka ƙera sama da 3,000, har Najeriya ta saya a 1967 lokacin yaƙin basasa. Ƙanensa L-39, wanda ya fara tashi a 1968, shi ne aka daɗe ana horar da matuƙa da shi a makarantar koyon tuƙin jirgin soja ta Kano. A 1963 kuma suka fito da Z-37, jirgin feshin gona, suka ƙera shi ɗaruruwa. Ka ga mutanen da aka ci ƙasarsu sau biyu cikin shekara goma, amma Bakano na koyon tashi sama a jirginsu, domin bakanikensu da maƙerinsu da malamin lissafinsu ba ganima ba ne da za a loda a jirgin ƙasa.

Yanzu mu tambayi kanmu, mu mutanen Gedambaliya, abin da muka yi da namu rabon. A wannan ƙasa tamu, a kan wannan baƙar laka mai tsagewa da rani, aka fara noman tarakta na damina a duk faɗin Sudan, a tsakiyar shekarun 1940, lokacin da Ingila ke neman dawar ciyar da sojojinta na gabashin Afirka. Daga nan ya bazu har Gadarif ta zama rumbun ƙasa, kasuwar amfanin gonarta ta zama inda ake yanke farashin dawa da riɗi. Shekara wajen tamanin ke nan tarakta, wadda a nan muke kira babur, tana kai da kawowa a gonakinmu. Jikan wanda ya fara tuƙa ta ya yi furfura. Amma har gobe in boris ɗin garma ya fashe, sai an jira na waje.

Ba ji na yi ba, a kaina ta faru. A daminar da ta biyo bayan fara yaƙin nan, tarakta da muke haya ni da maƙwabtana ta tsaya cak a tsakiyar shuka saboda wani ƙarfe da bai kai tafin hannu ba. Da can daga Hartum ake kawo irinsa, to Hartum ta zama fagen fama. Muka zaga shagunan kayan gyara na Gadarif, babu. Wani dattijo mai injin sassaƙar ƙarfe ya duba ya ce zai iya fitar da irinsa, amma ba shi da ƙarfen da zai jure, wanda yake da shi kwana biyu zai yi ya lanƙwashe. Muka yi kwana goma sha ɗaya kafin a samo wani daga jikin matacciyar tarakta. Duk manomi a nan ya san ma'anar kwana goma sha ɗaya a watan Yuli: laka ta sha ruwa ba ta shiguwa, ciyawa ta riga ka, kuma ƙarshen damina ba ya jiran wanda ya makara. Abin da muka girba a wannan shekara bai kai rabin na bara ba, a daidai lokacin da kowane gida a garin nan yake ciyar da baƙi 'yan gudun hijira. Babu jirgin maƙiyi da ya bi ta kan gonata, Yaya. Guntun ƙarfe ne ya cinye ni.

Haka batun riɗi. Kowa ya san in ya nuna ba a yanke shi cikin 'yan kwanaki ba, kwanson zai buɗe ya zubar da 'ya'yan a ƙasa, kuma har yau yawancinmu da lauje da hannun 'yan ƙwadago muke yi, da yawansu daga Habasha. Ranar da iyaka ta rufe, ranar riɗi ke zubewa. Haka batun jan-baki, tsuntsun da ke sauka kan dawa kamar hadari, wanda sai da jirgin feshi ake iya masa. In dai lallai sai mun ƙera abin da ke tashi sama, ga jirgin da ya kamata mu fara da shi, wanda zai kori tsuntsu daga gona, ba wanda zai kori mutum daga gida ba.

Za ka ce, to mu zauna hannu rabbana ke nan, duk mai jirgi ya zo ya taka mu? Ban ce haka ba. Ƙasa na buƙatar soja, soja na buƙatar makami, kuma a saya masa abin da ya wajaba, a bayyane, majalisar da jama'a suka zaɓa ta san ko nawa aka kashe. Abin da nake cewa shi ne tsaro na farko runduna ɗaya ce tak da ke ƙarƙashin doka, da shugabancin da ba zai wayi gari ya ga ba shi da aboki a duniya ba. Cekoslobakiya ta rasa abokai, mu mun rasa runduna ɗaya, kuma babu jirgin da zai toshe ɗaya daga cikin ramukan nan. Sannan ko don makamin ne ma, hanyarsa ta nan take bi. Masana'antar da ta iya narka ƙarfen boris mai jure laka, ta iya yin famfon gas na tarakta daidai da awo, ita ce wata rana za ta iya yin injin jirgi. Wadda ba ta iya na farkon ba, ko ta nuna maka jirgi, ka ɗaga murfin injin ka karanta sunan ƙasar da aka rubuta a jiki.

Don haka, ranar da Allah Ya kashe wannan wuta, in aka zo ana rabon ɗan abin da ya rage, ni roƙona daban ne da naka. A ba Gadarif makarantar koyon sana'a mai injina masu aiki da wutar da ba ta ɗaukewa. A ba dattijon nan mai sassaƙar ƙarfe ƙarfe mai kyau da almajirai ashirin. A ɗora wa sashen injiniya na Jami'ar Gadarif aikin fito da injin yankan riɗi da ƙaramin manomi zai iya saye, kuma kada a kira kowa biki sai an ƙera na ɗari, ana sayar da kayan gyaransa a kasuwa. Yaran nan da kake koya wa lissafi, waɗanda kake so a tura su ƙera jirgin yaƙi, ina so su fara koyon abin da zai hana uwarsu sayen dawa da tsada a watan Agusta.

Novotný da abokan aikinsa sun yi iyakar ƙoƙarinsu, jirginsu ya tashi lafiya ranar 28 ga Satumba, kuma ina jin a daren nan sun kwana da farin ciki. Ba su san cewa a wani gari ana shirya tebur da kujera huɗu ba. In mun haɗu wajen mai shayi gobe, Yaya, ni zan biya kuɗin shayin, kai kuma ka faɗa mini wanda ke zaune a teburin da ake yanke makomar tamu ƙasar yau, da kuma ko akwai kujerarmu a ɗakin.